Babi na Biyu: Gidan Mutum Takwas, Bizar Mutum Biyar

A daminar 2024 wani abokina injiniya ya samu aiki a Ingila. Ranar da takardar ta iso, ya kira ni bayan isha'i ya ce in zo mu duba abin da ake bukata. Na tarar an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kwamfuta a kan kujerar tsuguno, Hajiya mahaifiyarsa tana gefe tana jan carbi. Mutum takwas ke cin tukunyar gidan nan: shi da matarsa da 'ya'yansu uku, da Hajiya, da ƙanensa ɗan shekara 20 da ke jami'a, sai 'yar marigayi yayansa, yarinya 'yar shekara 9 da aka kawo musu riƙo tun ba a yaye ta ba. Abba take ce masa, ba ta kuma san wani Abban ba.

Da muka karanta ƙa'idar waɗanda za su iya bin sa, sai ga ta a taƙaice: mata ɗaya, da 'ya'yan da ba su cika shekara 18 ba, waɗanda takarda ta nuna nasu ne. Muka yi shiru. Hajiya ba ta jin Turanci, amma ta gane shirun.

"Ni dai ban ce zan bi ku ƙasar sanyi ba," in ji ta. "Amma ita wannan fa, wa za ku bar wa?"

"Hajiya, muna dubawa ne tukuna. A dai sa mu a addu'a."

Ba yau Bahaushe ya fara tashi da iyalinsa ba. Fataken goro da suka bi hanyar Gwanja sun kafa zango a Salaga da Kumasi, har jikokinsu suka zama 'yan can. Bayan yaƙin Burmi na 1903, mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru sun nausa gabas da mata da yara, ga garin Mai Wurno nan a Sudan yana ba da shaida. Alhazan ƙafa kan yi shekaru a hanya, a haifi yaro a Chadi a yaye shi a Sudan. A irin wannan tafiya duk wanda zai iya takawa ko a goya shi iyali ne, in an sauka kuma akwai mai masauki da zai tsaya wa baƙo. Mutanen zango sun fara ɗanɗana ikon takarda ne a watan Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Busia a Ghana ta ba baƙin da ba su da izinin zama mako biyu su fice, ciki har da waɗanda a can aka binne cibiyarsu. Tun daga nan takarda sai ƙara ƙarfi take yi. Yau ita ke faɗa maka ko su wane ne iyalinka, kuma ƙidayarta ba ta zo ɗaya da ta tsakar gidanmu ba.

Shi ya sa duk wanda ya zo mini da maganar ƙaura da yara, kafin mu taɓa zancen kuɗi ko jarrabawar IELTS, nakan ce ya rubuta sunan kowa da ke gidansa, ya rubuta dangantakarsu a gaban kowane suna, sannan ya tambayi kansa wace takarda ce za ta tabbatar wa Bature wannan dangantakar. Yawancin gidaje a nan lissafin ke fara tangarɗa.

A ɗauki mai mata biyu. Birtaniya mace ɗaya take yarda ta shiga a matsayin matar mutum, in ta shiga kuwa an rufe wa ta biyun ƙofa. Kanada aure na farko kawai take ɗauka a matsayin aure, kuma zama da mace fiye da ɗaya laifi ne a kundin dokokinta. To 'ya'yan wadda aka bari fa? A nan ƙasashen biyu suka sha bamban. Kanada takan karɓi yaro in uwar da ba za ta tafi ba ta sa hannu a takardar amincewa. Birtaniya kuwa, a bizar aiki da ta karatu, so take iyayen yaro duka biyu su kasance suna can ko suna nema tare, sai fa in ɗayansu ya rasu, ko mai tafiyar ya nuna shi kaɗai ke ɗauke da nauyin yaron da yanke masa hukunci, ko akwai wani dalili mai tsanani. Wasiƙar "na yarda ya tafi da su" daga uwar da ke raye, tana gari ɗaya da 'ya'yanta, ba ta cika wannan sharaɗi. Haka abin yake ga agola in ubansa na nan da ransa yana da hannu a al'amuransa. Na ga magidancin da ya kammala komai, ya biya kuɗi, sannan ya gane 'ya'yan uwargida za su tafi, na amarya za su zauna. Wutar da wannan ya kunna a gidan har yau ba ta mutu ba.

Ɗan riƙo ya fi kowa shiga tsaka mai wuya. Mu a wajenmu riƙo ba ya bukatar alƙali. Gwaggo ta ce ga 'yarki, shi ke nan. Addini ma bai yarda a sauya wa yaro nasaba ba, don haka takardar mai da ɗan wani naka ta kotu baƙuwa ce a gidajenmu. Wanda ya ce bari ya bi ta kotun ma, ya sani tun 2021 Birtaniya ta sa Najeriya cikin ƙasashen da ta ƙuntata wa ɗauko yara ta wannan hanya. A nan ne shaiɗan kan zo da shawara mai daɗin ji: a je a yanko wa yarinyar takardar haihuwa da sunanka, wa zai sani? Abokina ma an ba shi wannan shawara, kuma wanda ya ba shi mutumin kirki ne. Sai dai ramin ƙarya ƙurarre ne. Tazarar wata biyar tsakanin yara biyu na uwa ɗaya ta isa ta ta da tambaya, daga tambaya kuma sai zancen gwajin jini na tabbatar da nasaba. Wanda aka kama da yaudara a neman biza, Birtaniya kan iya hana shi shiga har shekara 10, Kanada shekara 5, kuma tafiyar gidan gaba ɗaya ce ke rushewa.

Akwai kuskure na kishiyar wannan, wanda masu nufin Kanada ke yi: ɓoye yaro. Mutum yana da ɗa daga auren fari, yana wajen kakarsa a ƙauye, sai ya ce tunda ba da shi za a tafi ba, me zai sa a rubuta shi a ƙara yawan kuɗin da za a nuna? Kanada so take a ambaci kowane ɗa, mai tafiya da mai zama, a kuma duba lafiyarsu. Wanda ba a ambata ba, ƙa'idar ita ce ba za ka iya ɗauko shi daga baya ba.

Iyaye da ƙanne kuwa ba sa cikin lissafin bizar aiki ko ta karatu sam. Ziyara ce tasu.

In an gama sanin masu tafiya, sai a koma kan sunaye, domin mu Hausawa muna da wata al'ada da ke ruɗa ma'aikacin ofishin jakadanci. Uba yana amfani da sunan garinsu, uwa tana nan da sunan mahaifinta, yara kuma sunan yankan ubansu ne a ƙarshen nasu. Gida ɗaya, sunan ƙarshe uku. Ba laifi ba ne, kuma ba sai an sauya ba, amma yana nufin takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, mai ɗauke da sunan uwa da na uba, ita kaɗai ce igiyar da ta ɗaure yaron da ku. Katin asibiti da takardar rantsuwar kotu ba sa maye gurbinta ga yaro. Sannan a zauna a jera takardun kowa a duba harafi-harafi. Muhammad a wannan, Mohammed a wancan, Muh'd a ta makaranta. A'isha nan, Aishatu can. Ranar haihuwa da malamin firamare ya ƙirƙiro, wadda ta saɓa da ta NIN. Fasfo ba ya fita sai bayanansa sun dace da na NIN, gyaran NIN kuma yakan ci makonni, wani lokaci watanni. Kowane yaro, har jariri na goye, sai ya yi nasa NIN ɗin da nasa fasfon, wanda tun 1 ga Satumban 2025 ya koma naira 100,000 mai shafi 32.

Aure ma haka. An ɗaura a masallaci gaban ɗaruruwan shaidu, an biya sadaki, an raba goro da alawa, amma babu ko ƙyallen takarda. Shekara 12 da 'ya'ya uku ba hujja ba ce a wajen wanda bai halarci ɗaurin auren ba. A nemi takardar shaida tun da wuri, in da Hausa ko Larabci aka rubuta ta a kai wa tafintan da zai sa hannu da hatimi. Na ce tun da wuri domin takardun gida guda da duk aka yanka a mako ɗaya, ana saura kwana goma a nemi biza, su da kansu suke kiran a tsananta bincike.

Sai hanya. Abin da ya fi cutar da mutanenmu shi ne labarin maƙwabci. "Ai wane ma ta karatu ya bi, ya kwashe iyalinsa duka." Gaskiya ne, ya bi, amma a 2022. A shekarar nan 'yan Najeriya sama da 60,000 suka samu bizar rakiyar ɗalibai zuwa Birtaniya, fiye da kowace ƙasa, lokacin da kalmar japa ta Yarbawa ta shiga bakin kowa. Wannan yawan ne ya sa aka rufe ƙofar. Daga 1 ga Janairun 2024 mai karatun digiri na biyu na aji ba ya zuwa da iyali, sai mai digirin bincike irin na dakta ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Ranar 11 ga Maris na shekarar aka hana masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya zuwa da nasu, a Yulin 2025 kuma aka daina ɗauko su daga waje gaba ɗaya. Mafi ƙarancin albashin bizar ƙwararru ya tashi daga fam 26,200 zuwa 38,700 a Afrilun 2024, ya sake hawa 41,700 a Yulin 2025. Kanada ta tsarin Express Entry, wanda ta buɗe a 2015, maki take ƙirgawa cikin 1,200, kuma makin shekaru yana fara zubewa da zarar mutum ya cika 30, ya ƙare ƙaf a 45. Wato daidai lokacin da magidanci ya tara yara da ɗan abin hannu, lokacin ne makinsa ke raguwa. Amfaninta dai babba ne: wanda ya dace yana sauka ne da izinin zama na dindindin, shi da iyalinsa. Duk alƙaluman nan na lokacin da nake rubutu ne. A duba shafin gwamnatin ƙasar ranar da za a yanke shawara, kada a dogara da littafin nan, balle da ejan.

Ejan kuwa, wanda ya ce ka kawo miliyoyi ya sayar maka da takardar ɗaukar nauyin aiki, ka riƙe aljihunka. Jerin kamfanonin da ke da lasisin ɗauko ma'aikata yana shafin gwamnatin Birtaniya, kyauta. In kamfani ya rasa lasisinsa, galibi kwana 60 ake ba ma'aikaci ya samu wani ko ya fice, kuma bizar matarsa da ta yaransa a jikin tasa suke rataye.

A wajen kuɗi, mutane sun fi haddace ƙaramin adadin. Gida irin na abokina, manya biyu yara uku, abin da za su nuna a banki fam 2,270 ne: 1,270 nasa, 285 na matarsa, 315 na ɗan fari, 200 kowanne na sauran biyun, su kwana 28 a asusu ba su ragu ba. Babban nauyin yana wani wuri, a harajin lafiya da ake biya kafin a ba da biza. Tun Fabrairun 2024 fam 1,035 ne a shekara ga babba, 776 ga yaro, kuma na duk shekarun bizar ake biya a dunƙule. Na shekara uku ga mutum biyar ɗin nan ya kama fam 13,194. In aka lissafa fam a naira 2,000, inda ya yi ta kai-komo a 2024 da 2025, an haura naira miliyan 26 ke nan, ba a biya kuɗin bizar kanta ba, ba a sayi tikiti ba, ba a je Abuja ko Legas gwajin tarin fuka ba. Likitoci da ma'aikatan jinya da ke bin bizar lafiya an ɗauke musu wannan haraji, shi ya sa lissafinsu bai kamata ya zama ma'aunin kowa ba.

Naira kanta ba abar jingina ba ce. Kafin a sake ta a Yunin 2023 dala tana wajen 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta haura 1,500. Waɗanda suka bar kuɗin makarantarsu a naira suna nufin su riƙa canzawa kashi-kashi sun wayi gari abin bai kai rabi ba. A Mayun 2024 labarin ɗaliban Najeriya na Jami'ar Teesside da aka dakatar saboda bashin kuɗin makaranta ya cika kafafen labarai. Ina jin tsoron sayar da gidan zama don tafiyar da ba ta da izinin dindindin. An ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi, amma na ga da yawa da suka ƙona ba su sani ba.

Shekarun yara su ne agogon tafiyar, kuma iyaye ba su cika kallonsa ba. Birtaniya ranar da aka shigar da takarda take dubawa: in yaro ya cika 18 kafin ranar, ya fita. Kanada ta fi sassauci, har zuwa ƙasa da 22 in bai yi aure ba. A Ingila da shekaru ake ba yaro aji, ba da ƙoƙari ba. Yarinyar da aka yi wa tsallaken aji biyu a Kaduna za a mai da ita cikin tsararrakinta, kuka ko roƙo ba sa sauya wannan. Shekarar karatu a Satumba take farawa. Yaron firamare duk lokacin da ya sauka zai murje, amma ɗan shekara 15 zai faɗa tsakiyar karatun GCSE ne, wanda shekara biyu ake yi ana shirya masa a rubuta a 16, ga littattafan adabi da tarihin da bai taɓa gani ba. In da hali, a kai shi kafin 14, ko a bari ya gama WAEC. Makarantar gwamnati kyauta ce ga 'ya'yan mai biza, amma jami'a kuɗin baƙi za su biya har sai gidan ya samu izinin dindindin. A 2025 shekara 5 ake jira, kuma a Mayun shekarar gwamnati ta bayyana niyyar mai da shi 10. Mai ɗa ɗan shekara 14 ya yi wannan lissafi da kansa. Wanda kuma ke sa ran haihuwa a can, ya sani tun 1983 haihuwa a Birtaniya kaɗai ba ta mai da jariri ɗan ƙasa. A Kanada tana mayarwa.

Gurbin makaranta sai da adireshi, adireshi sai da gidan haya, mai gida kuma yana son ganin takardar albashi ko wanda zai tsaya maka, abin da sabon zuwa ba shi da shi. Ga kuɗin ajiya na hayar mako biyar, ga harajin ƙaramar hukuma kowane wata. Mutum ɗaya zai iya raɓawa a ɗakin wani ɗan'uwa, mutum biyar ba za su iya ba. Wannan ne ya sa nake ganin ya fi sauƙi ɗaya ya riga zuwa ya share wuri, muddin babu yaron da 18 ke bi a guje.

Abin da ba a rubuta a kowane fom ba shi ne raino. A gida yaro na kowa ne. In uwa ta fita akwai kaka, akwai maƙwabciya, akwai 'yar aiki. A can ku biyu ne rak, bizar kuma ɗauke take da sharaɗin ba ku da rabo a tallafin gwamnati, har da kuɗin yara da 'yan ƙasa ke karɓa. Gidan raino na iya cinye albashin mutum ɗaya. Sai ka ga miji na aikin dare mata na rana, suna haɗuwa a bakin ƙofa, a watan Disamba da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe 4. Magidancin da bai taɓa dafa ruwan shayi ba sai ya koyi yi wa jariri wanka, kuma gara ya fara koya tun a nan, inda in ya ƙona tuwo akwai mai ceto. Barin ƙananan yara su kaɗai a gida na iya jawo 'yan sanda. Duka kuma, Scotland ta haramta shi kwata-kwata a 2020, Wales a 2022; a Ingila duk dukan da ya bar tabo ko aka yi da bulala ya fita daga abin da doka ke ɗaga wa ƙafa. Malamar aji an horar da ita ta kai rahoto, yaro kuma bai san abin da ake ɓoyewa ba: ta tambaye shi shatar da ke bayansa, ya faɗa mata gaskiya, kafin a tashi makaranta jami'an kula da walwalar yara sun shigo maganar. Wanda dorina ce kaɗai hanyar tarbiyyar da ya sani, ya nemi wata tun jirgi bai tashi ba.

Su ma yaran a gaya musu da wuri, a daina yi musu rufa-rufar da muke yi wa tafiya don tsoron baki. Ɗan shekara 12 yana da abokai da malamin Islamiyya da ƙungiyar ƙwallon unguwa, duk zai rabu da su ba da shawararsa ba. Hausarsu kuma ita ce ta farko da ke zubewa, musamman ƙananan. Gidajen da na ga ta tsira su ne waɗanda uwa da uba suka ƙi amsa Turanci a cikin ɗaki, ko da yaron zai yi fushi.

Abokina ya tafi shi kaɗai a Oktoban 2024. Ya yi wata huɗu a ɗakin wani ɗan Zariya kafin ya samu gida mai ɗaki biyu, matarsa da yaran uku suka bi shi a Agustan 2025 don su riski buɗe makaranta. Bai yanko wa yarinyar takardar ƙarya ba. Tana wajen Hajiya, ƙanensa ke kai ta makaranta a babur, kuɗin karatunta na zuwa duk farkon zango. Ran Lahadi bayan la'asar sukan yi waya ta bidiyo, ni ma na taɓa tarar da su ana yi. Autan can ya fara amsa gaisuwar Hajiya da Turanci, yarinyar tana dariya tana gyara masa, "Ka ce lafiya lau, Hajiya." Da aka zo sallama ta karɓi wayar ta matso da fuskarta.

"Abba, tawa takardar yaushe za ta fito?"

Ya ce mata ana nan ana dubawa.